Ranar da Waya Ta Riga Babana Albishir

Shekarun baya, tun waya ba ta iya faɗa wa mutum inda kwantenarsa take a tsakiyar teku ba, babana ne mai faɗa wa Hausawan kasuwar Adjamé da ke Abidjan. Shi ba ma'aikacin tashar jiragen ruwa ba, shi ba ɗan duwan ba, wato kwastan, ko kujera ba shi da ita a biron kowa, wato ofis. Mutum ne dai da ya zo Abidjan daga wajen Maraɗi yana saurayi, ya zauna a unguwar da ake kira Biafra, ya iya Faransancin titi da Julanci, ya kuma san ƙofar kowane tiranzite da ke Treichville, wato masu fitar wa 'yan kasuwa kayansu daga por, tashar jiragen ruwa ke nan.

Kullum da safe in ya sha kokonsa sai ya kafa hula ya fara zagaye. Ya shiga wannan biro ya gaisa, ya leƙa wancan ya tambayi jikin uwar patron mai biron, a nan zai ji kwantenar wa ta sauka, ta wa duwan suka saki. Da ya ji, sai ya faɗa woro-woro, tasin nan na haɗaka, ya nufi Adjamé. Ni tun ina ƙarama nakan bi shi lokacin hutun makaranta, don haka na san yadda abin yake. Ba ya shiga shago kai tsaye. Daga bakin ƙofa zai tsaya, ya gyara murya, ya ce, "Alhaji, albishirinka!" Alhaji ya ce, "Goro!" Baba ya ce, "Fari ko ja?" Alhaji ya ce, "Fari tas!" Sannan fa Baba ya ja abin, ya nemi ruwa ya sha, ya yi ƙorafin rana, mai kaya yana ta mutsu-mutsu a kan kujera, kafin ya ce kwantena ta fito. Sai shago ya kaure da hamdala, maƙwabta su leƙo, a aika a sayo goron na gaske. Da salla kuwa Inna ba ta taɓa sayen atamfa ba, daga kasuwa ake aiko mata.

To, ni ce na zo na ɓata wannan harka, kuma da hannuna, ina murna.

Bayan na gama karatu na sami aiki a wani ƙaramin biron tiranzit a Treichville. Ban daɗe ba patron ɗinmu ya kawo wata manhaja. Ka sa lambar kwantena, ta nuna maka tana wace tasha, an ɗora ta a jirgi ko tana jira, kuma da ta sauka Abidjan saƙo zai faɗo wayar mai kaya. Takardun da a da ake yawo da su biro-biro a cikin jakar leda su ma suka fara tafiya ta kwamfuta. Wallahi abin ya burge ni, kuma har gobe yana burge ni. Da patron ya ce ana neman wanda zai zagaya wajen Hausawan Adjamé ya sa musu ita a waya ya koya musu, ni na fara ɗaga hannu. Hausata ta 'yan Abidjan ce, rabi Faransanci, in na yi magana tsofaffi dariya suke, amma dai a biron nan ni ce gwana tunda ba wani mai ji.

Kun san wa ya raka ni? Baba. Shago-shago ya bi da ni, baki har kunne, yana cewa, "'Yata ce, ta kawo muku abin zamani, ku ba ta wayoyinku." Akwai wani Alhaji mai atamfa, Bakano, da ya ce shi bai yarda da abin da ba ya gaisuwa ba. Baba ne ya lallashe shi har ya miƙo wayar. Akwai wata Hajiya mai kuloli da kwanukan samira, mutuniyar Damagaram, ita kam da na nuna mata ɗan jirgin yana tafiya a taswira sai ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Yanzu kulolina ne a cikin wannan ɗan ƙwaron?" Muka yi ta dariya. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abin da nake sa musu a aljihu aikin mutumin da ke tsaye kusa da ni ne.

Sai wata rana na je shagon Alhaji mai atamfa karɓar sa hannu. Ina zaune sai ga Baba, gumi ya jiƙa masa riga, don an yi ruwa da safe, mahaɗar Indénié ta cika da ruwa, sai da ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. Ya tsaya a bakin ƙofa yadda ya saba, ya gyara murya.

"Alhaji, albishirinka!"

Alhaji bai ma ɗago ba, yana duba wani turmi. Ya ce, "A'a, Malam, sannu da zuwa. Kwantena ko? Ai tun da safe abin nan na 'yarka ya faɗa mini. Shigo ka zauna."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, ko kaɗan. Shi a wajensa yabona ma yake yi. Baba ya yi murmushi ya ce, "To, madalla, madalla." Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi hira kaɗan, ya tashi. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, sai juya alƙalami nake a hannu kamar yau na fara ganinsa.

Bai daina fita nan take ba. Ya ci gaba da zuwa, ana ci gaba da ce masa an gani a waya. Daga baya ya koma fita jefi-jefi, daga nan kuma sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna. Wanda ya san gidajen haya na Biafra ya san tsakar gida da rana ta mata ce. To, ga Baba a tsakiya. Ya ce an cika gishiri a miya tun ba a sauke ba. Ya raba faɗan da ba a kira shi ba. Ya koya wa maƙwabciyarmu Bajula yadda ake shanya wanki, matar da ta aurar da 'ya'ya. Ranar da ya buɗe tukunyar Inna ya leƙa, ranar Inna ta same ni a ɗaki ta rufo ƙofa.

Ta ce, "Ke kika zaunar mini da shi, ke za ki tayar da shi. Ni tunda aka kawo ni garin nan ban taɓa ganin babanku da azahar ba sai bana."

Na yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta rage murya ta ce ya fara zancen komawa gida. Wai ya ce mata aikinsa ya ƙare a Abidjan, gara ya je ƙauye ya zauna kusa da kabarin iyayensa ya jira lokaci. Har ya sa a tambayo masa motar da ke zuwa Nijar bayan salla. Mutumin da duk abokansa suna nan, 'ya'yansa da jikokinsa suna nan, a ƙauyen kuwa in ya je sai an tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ba rashin abinci ne zai kore shi ba, mu 'ya'yansa mun tsaya masa. Abin da ya rasa shi ne a ga ya taho a ji daɗi. Gaskiya na ji tsoro, don na san halin Baba, in ya ce zai tafi to zai tafi.

Ranar Asabar na wuce Adjamé ni kaɗai. Na fara da Hajiya mai kuloli, don na san in ta yarda an gama. Ina cikin bayani ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Shi ya sa na daina ganinsa? Ni na zaci ƙafa ce ta matsa masa. Kai, mun yi abin kunya." Ita ta ja ni har shagon Alhaji mai atamfa, ta tsaya a kansa ta ce, "Alhaji, mutum ya yi maka albishir ka ce ka gani a waya? Wayar ce ta je maka gaisuwa da mahaifiyarka ta rasu?" Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya ce shi wallahi bai lura ba. Kafin la'asar magana ta zagaya layin gaba ɗaya, aka tsayar da shawara: kowa ya ci gaba da duba wayarsa, ba wanda ya hana, amma in Malam ya zo, ba wanda ya ga komai.

Saura ni da nawa ɓangaren. Ranar Litinin na dawo daga aiki na zauna kusa da tabarmarsa, na ɓata fuska na ce, "Baba, manhajar nan tana ba mu wahala. Reso ba kyau, sabis ɗin waya sai a hankali, saƙo ba ya isa wajen mutane. Ga kwantenar Hajiya ta sauka, na tabbata ba ta sani ba." Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ashe?" Na ce, "Wallahi." Allah ya yafe mini wannan wallahin. Washegari tun kafin in gama shiri ya kafa hula ya fita, Inna ta bi bayansa da kallo tana ta hamdala ƙasa-ƙasa.

Jama'a, 'yan kasuwa sun iya ciniki, amma ba su iya wasan kwaikwayo ba. Labari ya riƙa dawo mini ina riƙe ciki. Hajiya dai wuce gona da iri ta yi: Baba bai rufe baki ba ta rangaɗa guɗa, ta zube a kan buhu tana cewa a riƙe ta, kai ka ce ba kuloli aka ce sun iso ba, kujerar Makka aka ba ta. Wani mai sayar da batir da fitilu, da ya hango Baba daga nesa sai ya ruɗe, Baba na cewa salamu alaikum ya ce, "Goro!" Shi kuwa Alhaji mai atamfa tura wayarsa yake yi ƙarƙashin turame, sai ta yi ta ƙara daga can ciki, shi kuma yana ɗaga murya yana tari don ya rufe ta. Wani ma har ya riga ya kira masu amalanke sun yi layi a ƙofar shago suna jiran mota, amma da aka yi masa albishir ya buɗe baki ya ce, "Kai, Malam! Yaushe?"

Duk da haka abin ya yi aiki. Baba ya koma fita kullum, ya koma dawowa da goro a aljihu da labarin kasuwa a baki, tukunyar Inna ta sami lafiya. Maganar mota kuwa shiru, amma bai ce ya fasa ba, ni kuma ban isa in tambaya ba. Kullum cikin fargaba nake kada wani ya yi suɓul da baka, don na san in ya gane tausayinsa ake ji, ko sallar ba zai jira ba.

Ana nan, sai wata Juma'a duwan suka saki kwantenar Alhaji mai atamfa. Aiki ya sha mini kai, ban faɗa wa Baba ba sai washegari da safe. Abin da na manta shi ne zamani ya canza: a da in an saki kwantena sai an yi ta neman mota da sa hannu, yanzu kuwa komai ta waya, mota ta kwashi kaya tun ranar. Baba ya ce in raka shi tunda ba aiki. Muna isa bakin shagon na hango dilolin atamfa sababbi fil an jibge su har rufi, ledarsu ko ƙura ba ta yi ba, ga alamar Alhaji da tambarin bironmu ɓaro-ɓaro a jiki. Na ce a raina shi ke nan, yau asirinmu ya tonu.

Baba ya tsaya a ƙofa, ya gyara murya. "Alhaji, albishirinka!"

Alhaji ya dube ni, ya dubi dilolin, ya ce, "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari... fari tas."

Baba ya shiga, ya duba bai ga kujera ba, don an fitar da su saboda kaya. Sai ya tattara babbar rigarsa ya hau kan dila ɗaya ya zauna daram. Ya nemi ruwa ya sha. Ya yi ƙorafin rana. Sannan, yana zaune a kan kayan, ya sanar da Alhaji cewa kayansa sun fito daga por, in Allah ya so yau ko gobe za su iso. Alhaji kuma, bawan Allah, gumi na zuba, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya kawo su lafiya!" Hajiya da ta leƙo daga shagonta ta cusa mayafi a baki ta juya da gudu. Ni ban san lokacin da na fita waje na tsaya ina karanta allon wani mai gyaran waya ba.

A hanyar komawa woro-woro ta maƙale a cunkoson Indénié. Mu biyu ne a baya da wata mata mai barci. Baba ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ni da ba na ci. Na karɓa na riƙe. Zuciyata ta kasa ɗauka, na ce, "Baba, ina so in faɗa maka wata magana, don Allah kada ranka ya ɓaci."

Ya ce, "Reso ya gyaru?"

Na dube shi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban ji ya yi ba tun kafin zuwan manhajar, har direba ya waiwayo. Ya ce, "Uwata," don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni, "ni fa a kasuwa na tsufa. Tun ranar da Hajiya ta faɗi a kan buhu na gane. Matar da aka taɓa ce mata kwantenarta biyu sun iso rana ɗaya ta ce to madalla ta ci gaba da cin acekenta, dambun rogon nan, ita ce za ta suma a kan kuloli? Ke kuma tun kina yarinya in za ki yi ƙarya sai kin ɓata fuska."

Kunya ta kama ni kamar in nutse a kujera. Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka ce komai ba? Ni ina ta tsoron in ka gane za ka yi fushi ka tafi."

Ya ci gaba da tauna goro, yana kallon masu tallan ruwa suna ratsa motoci. Ya ce da farko ya ji zafi, har ya yi niyyar ba zai koma ba. Sai ya kwana yana tunani. Ya ce, "Shekara da shekaru ina shiga shagunan nan ana murna. Ban taɓa sanin ko ni ake murnar gani ko labarin da na kawo ba. Da wayarku ta zo na ce to, ashe labarin ne. Yanzu ga shi labarin yana aljihunsu tun safe, amma manyan mutane masu jikoki suna ɓoye waya a ƙarƙashin atamfa don in zo in zauna. Uwata, wa zai bar waɗannan ya tafi ƙauye?"

Hawaye ne kawai suka zubo mini, ina dariya ina share su da gefen gyale. Sai ya nuna ni da ɗan yatsa ya ce, "Amma kada ki kuskura ki faɗa musu na sani. Alhaji ya sha wahala yau, kada wahalarsa ta tashi a banza."

Har yau ina wannan aiki, kuma abubuwa sun ƙara gaba sosai. Yanzu daga kan kujerata nake ganin kaya tun daga ranar da aka rufe kwantena a can ƙasar da aka saya, mai kaya na Adjamé yana gani tare da ni. Ba na fatan a koma zamanin yawo da takardu a jakar leda, wanda ya yi shi ya san azabarsa. Abin da ya canza a wajena shi ne, duk sanda aka kawo mana wani sabon abu a biro aka ce zai sauƙaƙa aiki, nakan tsaya in tambayi kaina wa yake yin wannan aikin a da, kuma ina zai je da safe in mun karɓe shi. Ba kullum nake samun amsa ba, amma tambayar ba ta barina.

Baba yana nan Biafra, ƙafa ta yi nauyi, sai ranar Asabar yake iya zuwa kasuwa, wani lokacin ni nake kai shi. Su suna nan a kan bai sani ba, shi yana nan a kan ba su san ya sani ba, ni kaɗai ce a tsakiya ina cin goron da ba na so. Na daɗe ina riƙe da wannan magana, yau dai ta fi ƙarfina. Don haka in akwai ɗan layin nan na Adjamé da ya karanta, ko 'ya'yansu masu karanta musu, don girman Allah ku rufa mini asiri. Ku ma ba ku ga komai ba.